Yadda Maiwada Ya Yi Sarauta a Sito

Duk unguwar Manfuha, can ƙasar Larabawa, babu direban da ya kai Maiwada kwarjini, kuma wanda ya fara gano haka shi ne Maiwada. Ya daɗe yana jigilar katifu daga sitocin unguwar Sulay, amma ko a bayan sitiyari zaman hakimi yake yi. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shugabancin ƙungiyar direbobin Najeriya ta unguwarsu. Mai ja da shi Nu'uman ne, mutumin da ba shi da wata baiwa sai zuwa dubiya da raka mutane sabunta igama, wato takardar izinin zama.

Sai ɗaukaka ta zo har inda yake. Wani kamfanin talabijin ya kama hayar siton da ke maƙwabtaka da nasu, zai shirya wasan barkwanci a kan wata daular zamanin da, wadda ba a taɓa yin ta ba. Daraktan ya hango Maiwada a tsaye yana kallon leburori suna aiki, ya ce ga sarkinsa nan.

Ranar farko aka ajiye masa cinyar rago, aka ce ya yage ta da haƙori, sannan ya rikito daga karaga. Maiwada ya gyara alkyabba.

"Ya mudir, a ƙasarmu sarki ba ya cin abinci a gaban jama'a. Ba ya dariya, ba ya waiwaye, ba ya magana sai ta bakin wani. Ni gadon abin na yi. Kakan kakata ya taɓa riƙe wa wani dagaci takalmi."

Daraktan ya yi lallashi har ya gaji. Can ya ƙura masa ido, ya yi murmushi, ya ce, "Tayyib." Ya tafi ya sake rubuta labarin.

Daga nan Mai Martaba bai ƙara ganin raini ba. Aikinsa zama ne kawai. A shafa masa hoda mai ruwan toka, a jingina shi da matasai, a turnuƙe shi da turaren wuta. Fadawa in sun matso sai su rufe hanci da hannun riga, su kau da kai. Baƙi in sun shigo, bawa ne ke ɗaga masa hannu ya amsa gaisuwa. Maiwada ya ce sai yanzu Larabawa suka koyi ladabin fada, kuma a wurinsa suka koya.

A gida ma ya daina sa hannu a faranti ɗaya da abokan zamansa. Sai ya ɗebi shinkafarsa ta kabsa ya shige bayan labule, har suka raɗa masa Na-Bayan-Labule. Ya ɗauka sarauta ce, yana amsawa.

Shi ya nace a yi zaɓe ranar Juma'ar da za a fara nuna wasan, a kalla tare bayan la'asar, sannan a ɗaga hannu.

"Ku ga yadda na riƙe daula," in ji shi, "sai ku auna ko ƙungiya za ta gagare ni."

Wasan ya buɗe da wani ɓangare da aka ɗauka ba ya nan. Waziri ya tara fadawa yana raɗa musu cewa sarki ya shaƙe da ƙwallon dabino ya mutu tun jiya, kada kowa ya sani. Sai ga Maiwada a kan karaga, an ƙara masa ƙarar ƙudaje. Ɗaki ya kece da dariya, har da masu kwanciya. Ni kaina, da nake cikin direbobin, na yi, kuma na ji tausayinsa.

Maiwada bai motsa ba, bai ƙifta ba. Harouna, abokin ɗakinsa, ya matso a hankali ya kara yatsa a hancinsa.

Malam Jibirilla, dattijon da ke kula da zaɓen, ya share hawaye ya ce, "Alhaji Maiwada, ka yi haƙuri. Ƙungiya tana son wanda zai tashi in an kira shi."

Nu'uman ya lashe. Mutane suka yi layi suka fara gaisawa da shi, sannan suka juyo wurin Maiwada ɗaya bayan ɗaya, suna yi masa ta'aziyya.