Ranar da Tarihin Kulob Ɗinmu Ya Jiƙa Albasar Baba Sabo

Ko na manta ranar haihuwata, ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a lokacin noman rani, sa'ad da nake saurayi a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. A zamanin nan Kundi ake kirana, saboda na haddace tarihin kulob ɗin ƙwallon jiharmu kamar ni na yanke masa cibiya (alhali ban taɓa shiga filin wasa ba, rediyo ce malamata).

Gonata ta tumatir tana manne da ta Baba Sabo, mahaifin Hadiza, wadda manyana za su je nema mini aurenta ranar Juma'a. Shi kuwa ya cire albasarsa ya shanya a gona tana jiran mota. Kowa ya san albasar da aka cire ba ta ga-maciji da ruwa.

A ranar ni ke da layin ban-ruwa. Na buɗe ruwa daga kanal zuwa fangalina, wato kwamin tumatirina, na ce bari in ɗan sha inuwar mangwaro. Can na tarar da Bulus, wani mutumin Filato mai gyaran injin ban-ruwa, yana shan rake da mutane. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kundi, wai kulob ɗin nan naku, ban da surutu me ya taɓa ci?"

Raina ya ɓaci. Mai hankali da ya yi dariya ya koma bakin aikinsa. Ni kuwa sai na gyara zama.

Na faro daga yadda aka kafa kulob ɗin, da kocin farko, da shekarar da muka faɗa rukuni na ƙasa muka sake tasowa. Na lissafo 'yan wasa har da masu zaman benci. Da na iso wasan da muka ɗauko kofi, zama ya gagare ni. Na miƙe ina nuna yadda lamba tara ya yanke mutum biyu (takalmina ma ya tashi ya faɗa cikin rake). Sai na ga kowa ya yi tsit. Na ce a raina, yau hujja ta kashe Bulus.

Ashe bayana suke kallo.

Baba Sabo ne tsaye, wando a naɗe, taɓo har gwiwa, da albasa a hannunsa tana ɗigar ruwa. Ruwana ya cika fangali, ya fasa iyaka, ya malale gonarsa.

Ya ce, "Ci gaba mana, ɗana. Ya ci ƙwallon ko bai ci ba?"

Na durƙusa na ce, "Ya ci, Baba."

"Madalla. Ni ma an ci ni."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ga Juma'a ta tafi, Hadiza ta tafi. Bulus ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa sai rawa suke yi don dariya.

Kwana biyu na yi ina kwashe albasa ina shanyawa ɗaya bayan ɗaya, Baba Sabo na zaune a inuwa yana cewa, "Ba su tarihin, ko sa bushe da wuri." Wasu sun bushe, da yawa sun ruɓe.

Ranar Juma'a manyana suka je gidan Baba Sabo. Da suka dawo kawuna ya ce an ba ni. Wai Baba Sabo cewa ya yi, wanda ya riƙe kulob tun yana rukunin ƙasa ba zai saki mace don wuya ba. Amma kada a sake bar masa ruwa shi kaɗai.

Na dai koyi cewa mai ban-ruwa ba ya musu sai ya toshe kanal. Har yau, ko a gidan suna na buɗe baki na ce "A shekarar da muka ɗauko kofi," sai surukina ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, Kundi. Ka rufe ruwan?"