Ranar da Na Huda Katangar Gidanmu

Daminar bara ruwa ya taru cikin bulon fandishon katangarmu a Zango. Yayana Sani ya ce mu jira magini.

Na ce, "Haba Yaya, huda ce kawai."

Na ɗauki cizal da guduma na bi layin ƙasa ina fasawa. Ruwa na tsartowa, ina ta hura hanci. Kafin la'asar katangar ta rufta kan awakin Inna. Biyu ko yankawa ba a samu yi ba.

Inna ta kwance igiyoyinsu ta shige ɗaki.

Har yau in na doso majalisa sai wani ya dafe bango ya ce, "Jama'a ku riƙe, ga Injiniya nan."