Harin Sallau a Kan Muciyar Lantana

Masu ba da labari a bakin tashar Funtuwa sun yi saɓani a kan Sallau ɗan Barmo, jikan Nomau mai jakai, tattaɓa-kunnen gwarzon nan da aka ce ya taɓa korar kura da tari kawai. Wasu sun ce mutum ne mai cikakken hankali har ranar da ya sayi wata hula a gwanjo. Wasu sun ce hular ta tarar da abin ne a can. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne, a goshin hular akwai hoton kada, kuma Sallau, da yake ɗaura wa mutane dish na talabijin ce sana'arsa, bai huta ba sai da ya lalubo tashar da ake nuna masu kadan nan. Ashe ƙungiyar besbol ce a wani birni na bayan teku, wasan da ake jefo wa mutum ƙwallo, ya ɗirka mata kulki, ya zura da gudu.

Nan take ya yi mubaya'a. Barden ƙungiyar, wani ƙato mai suna Baltasar, Sallau ya naɗa shi Sarkin Kulki da bakinsa, yana yi masa kirari: guguwa mai tafiya da rufi, na Kadoji ba ka dukan wasa, ƙwallon da ka taɓa sai dai a tambayi shaho. Duk unguwar babu wanda ya san dokar wasan, shi ma rabinta ya sani, amma Allah ya buɗa masa wani sirri da ya ɓuya ga masu horar da ƙungiyar: Baltasar ba ya dukan kirki sai Sallau na tsaye gaban talabijin da muciyar matarsa Lantana, suna kaɗawa tare.

To, ranar da za a ɗauki kofi, da hantsi, sai ga Inna Kande, mahaifiyar Lantana, ta sauka daga ƙauye da ƙullin daddawa. Ita ce ta sa aka sassaƙa muciyar nan cikin kayan auren 'yarta. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta zauna kamar ganuwa tsakanin ɗakin Sallau da madafa. Shi kuwa tun da aka ɗaura aure bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba, ko ruwa ba ya sha a gabanta, maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba.

Lantana ta yi talge, ta fara tuƙin tuwon baƙuwa. A can bayan teku Kadoji na baya da ci ɗaya, ga Baltasar ya miƙe da kulki a kafaɗa.

A nan ne Sallau, zakin rufin kwano, sadaukin da ba ya tsoron tsani, ya ɗaura ɗamarar jihadi. Ya tuɓe takalmi, ya rage tsawo, ya bi gindin katanga, ya ratsa ƙarƙashin igiyar shanya inda zannuwa suka yi masa garkuwa, ya yi arangama da wata agwagwa mai 'ya'ya wadda ta sare shi a agara bai ce uffan ba, har Mai Sama ya kai shi madafa daidai lokacin da Lantana ta shiga ɗaki ƙaro gari. Ya zare muciya daga tukunya kamar mai zare takobi daga kube, ya cusa ta cikin riga da tuwonta mai tafasa. Ya dawo ta gaban tabarma, ya durƙusa.

"Sannu da hutawa, Inna," in ji shi, tururi na fita ta wuyan rigarsa.

"Sannu," in ji ta, ta kau da kai yadda al'ada ta tanada.

Yana shiga ɗaki ya ɗaga makami. "Na Kadoji, ga ni na iso!"

Aka jefo ƙwallo, suka kaɗa tare, Baltasar ya daki iska. Aka sake jefowa, ya sake dukan iska. A ta uku Sallau ya tattaro ƙarfin kakanninsa ya kaɗa, curin tuwo ya tashi ya manne a fuskar talabijin, muciya ta haɗu da ƙyauren ƙofa ta rabe biyu. Bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ihun abokan gaba kawai ya ji daga bayan tuwon.

Lantana ta nemi muciya har ƙarƙashin murhu, ta haƙura ta ƙarasa da ludayi. Tuwo ya fito da gudaji kamar tsakuwar rafi. Inna Kande ta ci loma, ta tauna a hankali, ta wanke hannu.

"Lantana," in ji ta, da muryar da za ta kai har ɗaki, "ashe haka kike ciyar da ɗan mutane? Ina muciyar da na ba ki? Ko ita ma kin yar?"

Sai a lokacin Lantana ta tuna inda muciyarta take zuwa duk ranar wasa, amma ta ƙi tona mijinta, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bakin zanenta.

Sallau ya daɗe tsaye a bayan labule, ƙunar tuwo na yi masa raɗaɗi. Sannan ya cire hular mai kada, ya fito, ya durƙusa a bakin tabarma, ya ajiye guntaye biyu a gaban surukarsa.

"Inna, ba laifinta ba ne. Ni na ɗauka, na kai wa wani mutum gudummawa. Kuma ma ba mu ci ba. Don Allah a gafarce ni."