Zanena Ya Riga Ni Kama Hanyar Tanda

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ko na so in manta, dangin maigidana ba za su bar ni ba. Amma bari in fara daga tsoron, don shi ya kai ni.

Ni sarƙar moto, wato babur, nake tsoro. Ina da cikin Nafisa wata bakwai na ga abin da ta yi wa wata mata a bakin kasuwar Gaya. Tana bayan kabu-kabu, moton haya, da goyo, bakin zanenta ya sauko, sarƙa ta kama shi ta naɗe, kafin mai moton ya taka birki ta fizgo ta ƙasa. Allah ya tsare yaron, amma ƙarar da kan uwar ya yi a kan kwalta har yau tana kunnena. Tun daga nan, in na ga moto ƙasansa nake fara leƙawa.

Da na haihu sai na yi wa kaina dabara. Nafisa nakan ɗaure ta da zanen goyo da majanyi, tam. Zanen ƙuguna kuwa sako-sako nake soke shi, don in sarƙa ta kama in fizge da hannu ɗaya in bar mata, ta ci zane ta bar mini ƴata. Har gwaji nake yi a ɗaki in ba kowa. Mayafi kuma a wuya nake naɗe shi kamar mai mura. Daga ciki ina sa tsohon wandon ƙwallon maigida, kore shar, mai lamba tara a cinya, don ya fi daɗin hawa. (Na san abin da kuke tunani. Ni a lokacin ban yi wannan tunanin ba.)

Sai ga bikin ɗiyar baffan maigida a Tanda. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, gadar iyaka a rufe, hanya duk shinge, kowa maganarsa ƙasa-ƙasa. Motar da aka samo ta cika da manya, har da surukina, Baba Alhaji, mutumin da tun aurena ban taɓa kallon idonsa ba. Aka ce in hau bayan Ramatu, ƙanwar maigida, mai aiki a likita, wadda ta sayi sabon moton mata, duk jikinsa roba.

Na zagaye shi sau biyu, na duƙa na leƙa. Ba sarƙa. Maimakon hankalina ya kwanta sai tsorona ya ƙaru, don macijin da ba ka gani ya fi wanda ke fili.

Na ce, "Ramatu, ina sarƙar abin nan take?"

Ta ce, "Ɓuya ta yi, matar yaya, ta ji kina zuwa. Hau ke dai, kin tsaya kina masa awon ciki!"

Na hau, Nafisa a goye, ina karanto duk addu'ar da na iya.

Bayan gari kaɗan muka tarar da shinge. Sojoji huɗu da buhunan yashi, ɗaya ya rufe fuska sai idanu. Aka ce mu sauka, a kawo takardun moto. Ramatu ta ɗaga wurin zaman, ashe akwai ma'aji a ƙarƙashinsa, ta ciro, aka duba, ta mayar ta rufe ƙaf. Ni kuwa na manne da moton kamar kaska, idona a kan bakin bindiga. Motar manya ta iso ta tsaya a bayanmu tana jiran layi.

Muka hau, Ramatu ta ja a hankali. Na ɗan gyara zama sai na ji an ja zanena daga ƙasa. Na ja, aka riƙe.

Wallahi a wannan ƙiftawar ido na ga matar kasuwa, na ga kan Nafisa a kan dutse. Hannuna bai jira ni ba. Na kurma ihu, "Ta kama! Ta kama!" na fizge zanen, na tallabe goyona na diro.

Ramatu ba ta tsaya nan take ba, ita ma ruɗewa ta yi. Ta yi gaba da zanena yana kaɗawa a bayanta. Na ji ƙarar ƙarfe, ƙaras-ƙaras, sojoji sun gyara bindigogi, ɗaya na ihu, "Wa ya kama? Ina yake? Kowa ya tsaya!" Na ɗaga hannu ɗaya sama, ɗayan na riƙe da ƙafar Nafisa. Ga ni tsaye a tsakiyar hanya, rigar anko a sama, wandon ƙwallo a ƙasa.

"Sarƙa ce, ranka ya daɗe," na ce, muryata kamar ta ɗan akuya.

Babbansu, wani sarjan mai furfura, ya taka har wurin moton. Ya duƙa, ya miƙe, ya sa Ramatu ta ɗaga wurin zaman. Bakin zanena ya faɗo. Murfin ne ya datse shi tun ina manne da moton.

Ya ce, "Madam, wannan ai ba shi da sarƙa. Bel ke jansa, igiyar roba, tana rufe cikin gidanta. Ko zare ba ta kamawa. Aibinta ɗaya, in ta tsinke a daji sai turi." Ya miƙo mini zanen yana kallon sama. "Amma lamba tara, kin iya dira."

Wanda ya rufe fuskar ma na ga kafaɗunsa na girgiza. Ramatu ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki don dariya. Na waiga, da ma ban waiga ba. Duk matan motar sun leƙo, Baba Alhaji kuma ya juya fuska yana ta nazarin wata gonar dawa kamar zai saya. Nafisa ko farkawa ba ta yi ba.

A wurin bikin ban fito daga bayan rumbu ba sai da la'asar. Can uwar mijina ta same ni da kwanon tuwon shinkafa. Ta ce, "Ci, ɗiyata. Alhaji ya ce a faɗa miki, kin saki zane amma ba ki saki jikarsa ba." Sai a lokacin na yi kukan da nake dannewa tun shinge.

Abin da na koya, mai tsoro in zai yi tambaya kada ya tambayi ƙanwar miji. Kuma duk dabarar da za ta raba ki da zanenki, ki fara duba abin da ke ƙarƙashinsa.

Ku kuma masu moto, roƙona ɗaya ne. In mai sarƙa ne, ku sa mata murfi don Allah. In kuka ga mace da goyo tana leƙen ƙasan motonku, ku bar wasa, ku faɗa mata gaskiya kafin ta hau.