Randa da Ɓawon Tuffa

Ina 'yar shekara shida na fara jin sunan Randa, a bakin Kaka. Na ɗauka sunansa na yanka ne, har na gaishe shi da shi, Umma ta make mini baki. Ashe kafinta ne, ɗan gwaggon Kaka, taubashinta, kuma tumbinsa ne ya ja masa sunan. Shi kuwa Akuya yake ce mata, don ba ta yar da ɓawon 'ya'yan itace. Tuffa da inabi da ɓawonsu take ci, abin da ya rage ta shanya ta jefa a shayi. Shi ko inabi sai ya zauna ya fere shi ɗaya bayan ɗaya.

Bara likita ya ce kitse ya taru masa a hanta, maiƙon jininsa ya hau. Babban ɗansa ya ce in wata uku suka cika babu sauƙi, zai rufe shagon ya ɗauke shi ya koma gidansa. Na raka Kaka dubiya, muka same shi a kan benci cikin garin katako, yana fere tuffa.

"...lafiya lau, Akuya. Wa ya kwance ki?"

"Ƙarar fashewa na ji, na zo kwashe tsingaro. Ashe randar na nan. An ce hantarka ta yi kitsen da mahauci zai yi kuka in ya gani."

"Hantar mai arziki ke nan. Taki in an buɗe, ciyawa za a tarar."

"'Yar boko, karanta masa takardar likitan nan. Da ƙarfi, kunnen ma ya yi kitse."

Na karanta. Ya sha maganinsa, ya rage suya da sukari, ya riƙa tafiya a ƙasa. Sannan akwai sinadaran da ake kira polifenol a ganyaye, da koren shayi, da 'ya'yan itace. Suna iya taimaka wa hanta ta rage ƙera kitse ta ƙona wanda ta tara, su kuma rage mugun kolestarol, wato maiƙon jini. A tuffa da inabi, sun fi yawa a ɓawo.

Kaka ta dafa ƙirji. "A ina? Maimaita, jikata."

"A ɓawo, Kaka."

"Allah mai iko! Shekara hamsin yana yar da magani yana cin kwalin!"

"Likitan nan yaro ne. Wa ya taɓa ganin an yi kujera da ɓawon itace? Komai sai an goge."

"Ga shi kuwa ka goge kanka har asibiti. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido."

"Ke da kika ci ɓawon, me kika tara? Iska in ta taso sai an ɗaure ki da turmi."

"Ni likita da ya ga jinina tashi ya yi ya ba ni kujerarsa. Ya ce a ɗauki hoton hantata a manna a bango, yara su yi koyi."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Likitan dabbobi kika je."

"Ko shi ne, ya sallame ni. Kai fa? Gidan ɗanka za a kai ka, surukarka ta riƙa auna maka abinci da cokali, jikoki su yi ganga da cikinka. Zarton nan kuwa ni za a ba, in riƙa yanka albasa."

Nan Baba Kafinta ya ɗaga kai. Ya dubi kayan aikinsa da ke rataye, kowanne a kan ƙusarsa. Shekara arba'in da ɗaya yana buɗe ƙofar nan da hannunsa. Ya dubi ɓawon da ya fere, dogo guda bai tsinke ba.

"Wai shi... yaya kike haɗa shayin?"

"Ban ji ba. Mu akuyoyi ba mu jin maganar tukwane."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ce yaya ake haɗa shi, ranki ya daɗe?"

"Fara cinye na hannunka tukuna, in ga alamar tuba."

Ya ɗaga ɓawon, ya runtse ido, ya tura a baki yana taunawa kamar mai cin takarda. Kaka ta yi dariya har da hawaye, shi ma dariyar ta ƙwace masa, ya ƙware. Ta bubbuga masa baya, da ƙarfin da ya wuce na taimako, ta zaro ƙullin koren shayi daga jakarta ta dangwarar masa.

"Babu sukari. In na ji ƙamshin suya a shagon nan, da kaina zan kawo wa ɗanka kwaɗon rufe ƙofa."

Da za mu tafi, ya yafito ni gefe, ya rage murya.

"Amarya, ranar gwaji ke za ki raka ni, ke za ki karanta sakamakon. In ya yi kyau, ki ce mata ƙwayar likita ce. In bai yi ba, don girman Allah ki ce ɓawonta ne."