Kwana Uku Motar Kaka Ba Ta Tashi Ba

"Lafiya lau, sai dai ɓarnar da kika bar mini," in ji Kaka, ko ɗagowa daga kujerarsa bai yi ba. "Ya gajiya? Ko masu kashe motocin mutane ba sa gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya, Tsoho. Ya ƙarfin jiki? Ƙarfin baki dai na ji yana nan daram, don har gareji ya isko ni."

Injiniya ce mai maganar, babbar jikarsa. Shi ya laƙaba mata sunan don ba'a ranar da ta fara koyon gyaran wayar mota, sunan kuma ya bi ta. Sati biyu da suka wuce ta sa wa tsohuwar motarsa na'urar tsaro kyauta: ƙararrawa mai kurma ihu in an taɓa ƙofa ko bonet, da wani ɓoyayyen maɓalli a ƙarƙashin kujera wanda in ba a danna shi ba injin ba zai kama ba. Yau kwana uku motar ta ƙi tashi. Kaka kuwa, direban da ya yi shekara arba'in da ɗaya a kan titi, maimakon ya kira ta sai ya taka har tasha ya baza wa tsofaffin abokansa labari. Jiya shugaban direbobi, wanda ya yi alkawarin ba ta bas goma sha biyu ta sa musu irin na'urar, ya bugo ya ce a dakata. Wai in ta kashe motar kakanta, ina ga su da ba dangin iya ba na baba? Wannan magana ta yi mata ciwo ƙwarai, don shekara shida ta yi tana gina sunan nan a cikin maza.

Ta dire akwatin kayan aiki a gindin rumfar kwanon da motar take.

"Miƙo makulli."

"Na miƙa miki ki ƙarasa ta? Ai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu."

"Wace ƙarasawa? Motar da ta girmi babana? Wannan ko ɓarawo ya ɗauka, da safe zai dawo da ita ya haɗa da kuɗin magani."

"To me ya kai ki sa mata ƙararrawa, tunda ba mai so?"

"Don kare mutuncin ɓarayi. Kada wani ya ɗauka cikin kuskure 'yan uwansa su yi masa dariya."

"Ji fitsararriya! Motar nan ta ɗauko uwarki daga asibiti ranar da aka haife ki. Kina ta tsala ihu kamar wannan abin da kika liƙa mini. Tun ranar na ce yarinyar nan ba alheri ba ce."

Ya dai jefo mata makullin, da ɗan rimot ɗin a jikinsa. Ta kashe ƙararrawar da rimot, ta shiga, ta laluba ƙarƙashin kujera ta danna maɓallin, ta murɗa. Injin ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Batir da ƙarfinsa, mai rabin tanki.

"Kin ji ko?" ya ce daga kujera. "Gawa. Ni fa na gano ku tuntuni. Ubanki ne ya turo ki."

"Babana kuma?"

"Shi. Shekara guda yana bina da in daina tuƙi, wai na tsufa. Da ya ga ban ji ba sai ya sayi 'yar gida. Da ɗan gari akan ci gari. Aka ce mini maganin ɓarayi ne, ashe ni ne ɓarawon."

"Nawa ya ba ni?"

"Ke da arha? Bai fi kuɗin shayi ba."

"Da zan sayar da kai, Tsoho, ai sai na haɗa da gyara kafin a taya."

"Ki rantse ba ki da wani rimot a jakarki da kike kashe ta daga nesa."

"Daga garejinmu? Kai kam da malamin fim ka zama, ba direba ba."

Tana magana hannunta na aiki. Ta kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, ta bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji. Wuta na shiga na'urar, wuta na fita. Don ta cire wa kanta shakka ta tsallake ɓoyayyen maɓallin gaba ɗaya, ta haɗa wayoyin injin yadda suke tun asali, ta sake murɗawa. Shiru. To ba aikinta ba ne. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi, amma nan take wani tunani ya maye gurbin.

Ta leƙo ta taga tana kallonsa. Mutumin nan da in taya ta yi faci ba ya iya cin abinci sai an liƙe ta, shi ne motarsa ta kwana uku a mace yana zaune yana kaɗa ƙafa? Bai kira bakanike ba, bai buɗe bonet ba, bai ma wanke ta ba, ga ƙura ta kwanta a gilashi. Ruwa ba ya tsami banza.

"Bari in duba injin," ta ce.

Kaka ya miƙe zumbur, kamar ba shi ke kukan gwiwa ba.

"Me ya haɗa ki da injin? Ke 'yar waya ce. Tsaya a wayarki."

"Yau kuma tsayuwa ba sanda? Allah ya kawo sauƙi."

"Bonet ɗin yana cijewa. Za ki karya mini."

"Ni na sa masa ƙararrawa, lafiya lau ya buɗe."

"Rana ta yi. Je ki sha ruwa. Kin ci abinci ma kuwa? Dubi wuyanki kamar mariƙin lema."

"Shekara ashirin da bakwai ba ka taɓa tambayata ko na ci abinci ba sai yau. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

Ta ja mariƙin, bonet ya ɗaga. Ko'ina ƙura da baƙin mai, sai wuri ɗaya: murfin da wayoyin filogi suke fitowa, ƙugiyoyinsa biyu fes, da shatin yatsu a jiki. Ta ɓalle su ta ɗaga murfin. Rota, ɗan abin nan da ke juyawa a ciki yana raba wa filogi wuta, babu shi. In babu shi kuwa ko wanda ya ƙera motar ya zo ba za ta tashi ba.

Ta juyo a hankali, ta jingina da motar.

"Tsoho, an yi maka sata."

"Kin gani! Ina amfanin na'urar taki?"

"Ɓarawon mai hankali ne. Ya bar batir, ya bar rediyo, ya bar mota, ya ɗauki abin da bai kai babban yatsa ba. Sannan ya mayar da murfi ya ɓalle ƙugiya tsaf, don kada ƙura ta shiga. Ɓarawo mai tausayin mota."

"Ɓarayin yanzu ai 'yan boko ne."

"Kuma ya buɗe bonet ƙararrawa ba ta yi kuka ba."

"Don ta banza ce!"

Ta sauke bonet ba tare da ta danne shi ba, ta danna rimot, ta sa yatsa ta ɗaga bakinsa kaɗan. Ihun da ya tashi sai da tattabarun maƙwabta suka watse. Ta kashe.

"Ta banza ce?"

"To... wataƙila ranar barci ya ɗauke ta."

"Rimot ɗaya ne a duniya, yana jikin makullinka, makullin kuma ko wanka da shi kake shiga. Kuma wa ya koya mini cire rota ina 'yar shekara goma? Wa ya ce mini a zamaninsu direba in zai kwana a garin da bai sani ba, rota yake zarewa ya sa a aljihu?"

"Ban san shi ba. Maƙaryaci ne ko wane ne."

"Juye aljihunka."

"Ni za ki caje? A gidana? Yarinyar da na goge wa majina?"

"Kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na dama, wanda ka dafe tun ɗazu."

Ya ja baya, ta bi shi, suka zagaya motar. A nan ne, wajen fitilar hagu, ta ga abin da ba ta lura da shi ba da ta shigo: gefen ya ɗan loɓa, fenti ya goge sabo fil. Ta dubi ginshiƙin ƙofar gida, ga fentin motar a jikinsa. Ƙofar nan shekara talatin yana shiga da baya ba tare da ya waiga ba.

Ta daina dariya. Shi ma ya ga inda idonta ya tsaya. Ya koma kujerarsa ya zauna, ya sa hannu a aljihu ya fito da rota, nannaɗe cikin hankici, ya ɗora a gwiwarsa.

"Ba ƙofar ba ce," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ƙofar daga baya ne, da na dawo a ruɗe. A mararrabar can ne, da rana tsaka. Wata mata da goyo. Wallahi ban gan ta ba sai da ta daki bonet da tafin hannu. Ban taɓa ta ba, Allah ya tsare. Amma ban gan ta ba. Idon hagun nan kamar an shafa masa sabulu."

"Shi ne ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In ce me? Shekara arba'in da ɗaya ko kaza ban taka ba. In je tasha in ce wa mutanen da na koya wa tuƙi ba na gani? In ce wa ubanki ya yi gaskiya? Da na dawo na san in motar na tashi, gobe zan sake hawa. Sai na zare. Da suka tambaye ni ina mota, bakina ya riga ni."

Tausayi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa fushin da ta zo da shi. Tabarmar kunya ce ya naɗe da hauka, sunanta kuma ya shiga ciki. Ta tsuguna a gabansa.

"Jibi zan kai ka a duba idon, wannan ba shawara ba ce. Maganar tasha kuwa, bar ta yadda take. Ni na kashe motar. Bas goma sha biyu ba su ne ƙarshen duniya ba."

Kaka ya ƙura mata ido, mai lafiyar. Sai ya ja tsaki.

"Ji wauta. Haka ake sana'a? Tsoho ya ɗan matse murya sai ki zubar da aikinki? Wallahi ubanki bai iya haihuwa ba."

"Ai gado ne."

"Rufe mini baki. Ungo." Ya danƙa mata rotar. "Mayar, ki haɗa wayoyinki yadda suke."

Ta mayar, ta haɗa, ta danna maɓallin, ta murɗa. Bugu ɗaya motar ta kama, tana kaɗawa tana tari irin nata. Ta fito ta miƙa masa makullin. Ya mayar da hannayensa baya.

"Me zan yi da shi? Buɗe mini ɗaya ƙofar. Tasha za ki kai ni."

"Me za ka ce musu?"

"Abin da ya faru. Na'ura lafiyarta ƙalau, ni na zare rota don in gwada ko kin san aikinki, kin kuma ci da ƙyar. Saboda haka na ɗauke ki direba, ba albashi."

"Motar fa?"

"Taki ce, kayan wahala. Amma kujerar nan tawa ce har in mutu."

Ta zagaya ta buɗe masa. Ya shiga gefen da bai taɓa zama ba a motar nan, ya rasa inda zai sa ƙafafunsa, ya laluba neman birki babu. Ya yi dariya har da goge ido, ita kuma ta yi kamar ba ta ga hawayen ba.

"A hankali wajen ƙofar nan," ya ce. "Wani makaho ya riga ya goge ta."