Zanen da Gado Ya Ara

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Shigo mana, Gadatu, ai mu mata ne zalla a ciki, ba wanda za ki ji wa kunya."

Gado ya tsaya turus a bakin zaure, ya waiwaya ko wani a titi ya ji. Ƙaton mahauci ne, wanda duk unguwar Sabangali aka sani da kama ƙahon sa, amma yau ƙunshin da ke hammatarsa ya fi masa sa nauyi. Mai maganar kuwa Safara'u ce, ɗiyar gwaggonsa, taubashiyarsa tun suna wasan ƙasa. Tana zaune a tsakar gida tana tankaɗen gari, bangon da ke bayanta duk ramukan harsashi.

Shekarar ce mutane suka fara dawowa daga Kusiri, garin da ke ƙetaren kogi, bayan wutar da ta tashi Njamena. Kafin yaƙi, Ƙungiyar Riƙon Al'ada ta Hausawan unguwar ba ta barin lokaci ya wuce haka nan. Da azumi su fito da yara tashe, da kaka su sa dambe a bakin kogin Shari, ran jajibirin Babbar Sallah kuma a yi hawan ƙaho, Gado a gaba. Yaƙi ya tsayar da komai. Bana dattawan da suka rage suka ce ko da sa ɗaya ne sai an yi, kuma Sallah ta matso.

"Ki rage murya, baiwar Allah," in ji Gado. Ya ajiye ƙunshin a kan tabarma. "Ga zanenki. An wanke, an goge. Kalas, shi ke nan, ba ni ba shi."

"Kai! Har kin gaji da shi? Ai ya fi yi miki kyau. Ni in na ɗaura ba wanda ke kallona, ke kuwa ranar nan har kombatan nan mai bindiga ya bi ki da ido."

"Ƙarya kike yi."

"Ƙarya? Ba shi ya ce 'afe, ajuza?' wato lafiya tsohuwa, kika amsa masa da wata 'yar murya kamar akuya ta shaƙe da ɓawon rogo ba? Wallahi da mun ƙara tsayawa a bariyer ɗin nan da suka tare hanya da na karɓi goron neman aurenki."

"Ni ba gudu na yi ba. Rakiya na yi miki."

"Haka ne. Rakiya da mayafi har hanci."

"Mura nake yi a lokacin."

"Da ɗan kunne?"

"Ke kika maƙala mini shi ina tsaka da addu'a! Kuma in ba don ni ba, da kwalekwalen nan ya kife. Nauyina ne ya daidaita shi. Ke da kika zauna gefe guda sai da kifin Shari suka yi ƙaura."

"Ciki gare ni, sakarya."

Ta yi dariya har rariyar ta kuɓuce mata. Shi bai yi ba. Abin da ya faru ke nan ranar da wuta ta iso unguwarsu: masu bindiga sun tare hanyar kogi suna tsame maza, suna barin mata da yara su wuce. Mijin Safara'u yana daji da shanu, ita ga tsohon ciki, ga ƙaramar ɗiyarta Zaliha ba ta iya gudu. Sai ta ɗaura wa Gado zane, ta goya masa yarinyar, ta lulluɓe shi, suka bi ayarin mata.

Gado ya durƙusa kusa da turmi, yana murza hularsa a hannu.

"Safara'u, ba zane kaɗai ya kawo ni ba. Ke ce shugabar mata a ƙungiya, Ladan da ke shirya wasan yana jin maganarki. Ki ce masa bayana ya riƙe. A nemi wani ya kama ƙahon."

"Bayan naki? Goyon Zaliha ne ya karya shi? Yarinyar da ba ta kai nauyin cinyar rago ba?"

"Don Allah ki bar wasa."

"Wane wani za a nema? Ni? To kawo wandonka, tunda musaya muka saba."

"Ba za ki gane ba. Makaɗi zai ɗauki kalangu a gaban jama'a, ya ce Gado na Asma'u, namijin da ba ya ba da baya. Ni kuma in ɗaga hannu in amsa? Da wane ido? Duk matar da ke cikin kwalekwalen nan za ta rufe baki da mayafi."

"To mu dai ba mu rufe ba tukuna, sai mun ga ko sa zai gane mace ce ya ji tausayi."

"Na ga Salihu," in ji shi.

Safara'u ta ajiye rariya. Salihu abokin ƙahonsa ne, su biyu ne ke shiga fili tun suna samari. Yana cikin mazan da aka tsame a ranar, kuma har yau ba labarinsa.

"Yana durƙushe a gindin katanga, hannu a ka. Muka haɗa ido. Ya gane ni, Safara'u, na rantse ya gane ni. Ni kuma na ja mayafi na wuce kamar ban taɓa cin abinci a kwano ɗaya da shi ba. Shi ya sa tun da muka dawo ban bi ta ƙofar gidansa ba. In na hango matarsa Rahamatu a kasuwa, sai in shige bayan rumfa. Ƙato da ni."

Kajin gidan suka zo suna tsattsagar garin da ya zube, ba wanda ya kore su.

"Ina bayanka a ranar," in ji ta. Wannan karon ba ta ce Gadatu ba. "Na ga abin da ka gani, na kuma ga abin da ba ka gani ba, don ka sunkuyar da kai. Da ya gane ka, sai ya kau da fuska ya hau tari, har mai bindigar ya juya kansa yana masa tsawa. A nan muka wuce. Da ka buɗe baki da ku biyu za a durƙusar, da ɗiyata a bayanka."

Gado ya ƙura wa ƙasa ido.

"Kuma matar da kake ɓuya mata, ita ta fara zuwa wurin Ladan. Ta ce yaranta sun fara manta abin da ubansu ke yi a fili, a yi wasan bana su gani. Ta ce in ba Gado ba wa zai nuna musu? Jiya a nan ta wuni muna surfen gero na kunun 'yan kallo. Kai kuma ka zo mini da ciwon baya."

Ya share fuska da hannun riga, ya ce hayaƙin murhu ne. Ba a hura wuta a gidan ba tun safe, amma ta ƙyale shi.

"Ko da na shiga," in ji shi can, "Ladan fa? Dattijo, mai kiran salla. In labarin zanen nan ya kai kunnensa, ina zan sa kaina?"

Safara'u ta dube shi, sai ga dariyar ta dawo mata, har tana riƙe ciki.

"Gadatu, ashe ban da tsoro har da makanta? Tsohuwar nan da ta zauna kusa da ke a kwalekwale, mai baƙin lulluɓi, wadda ta yi ta jan carbi tana amai a kogi?"

"Wadda na riƙe wa buta? Na ce mata sannu Inna?"

"Ita. Inna mai takalmi irin na maza, mai gemu a cikin ɗankwali."

Gado ya buɗe baki.

"A'a."

"Matarsa ce ta ɗaura masa, ni na ara musu ɗankwali. Kin yi ta ce masa sannu Inna, shi kuma yana ce miki Allah ya raya goyo, 'yar nan. Ni ina gefenku kamar in mutu, ga tsoro ga dariya."

"Shi ya sa! Shi ya sa ran da ya zo ce mini in kama ƙaho bai kalli idona ba! Na ɗauka raina ni ya yi."

"Shi ma cewa ya yi ke kika raina shi. Ku biyun kun ishe ni. Rabin dattawan ƙungiyar nan da zane suka ƙetare Shari, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne. Mu mata muna kallonku, mun yi shiru don mu sami abin dariya in mun tsufa."

Gado ya so ya daure, abin ya fi ƙarfinsa. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda bai yi ba tun kafin yaƙi, har ya zauna daɓas a ƙasa kaji suka watse.

"Allah ya isa tsakanina da ke. Wane irin sa suka samo?"

"Wani baƙi ne, mijina ya kawo daga daji. Ƙahonsa kamar ya tsaga sama. Na gaya masa mace ce za ta hau shi, ya bi a hankali."

"Ki gaya masa ya yi sallama da 'yan'uwansa."

Ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya kafa hula.

"Ina za ki kuma? Ba ki sha shayi ba."

"Gidan Salihu. In gaida Rahamatu, in ga yaran."

Ya kai bakin zaure, ya juyo.

"Na sallama, kin ci. In an yanka sa ɗin nan, harshen naki ne, ba mai taɓa shi. Ki haɗa da wanda ke bakinki, ko biyu za su ishe ki zagina."

"Ka dai kawo shi da ɗuminsa," in ji Safara'u, ta ɗauki rariyarta.